DARASI A KAN GAJIYAR MA'AIKACI

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-18

A kewayen Kasuwar Sabon Gari ta Kano akwai samari waɗanda sana'arsu ita ce rubuta manhajar kwamfuta. Su ne su ke shirya wa mai shago abin da zai lissafa kayansa da bashinsa cikin waya. Wani a cikinsu, mai koyon bangaskiya, ya tsaya bayan aji ya ce mini, "Malam, dā ni kan kwana a kan aikin nan da murna. Yanzu ko buɗe kwamfuta ya zama mini kaya, addu'a ma ta gagare ni. Allah ya yashe ni ne, ko kuwa na zama rago?" Domin irinsa na rubuta wannan darasi.

I. Gajiya dabam, ragwanci dabam.

Rago bai taɓa ƙaunar aiki ba. Amma wannan ya ƙaunace shi har ya ƙare kansa. A shekarar 1974 wani masani a Amurka, Herbert Freudenberger, ya kwatanta wannan hali. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nauyin aiki mai daɗewa ne ke kawo shi, ta ba da alamu 3: ƙarewar ƙarfi, janyewar zuciya daga aikin, da raguwar iyawa.

Ku dubi ɗan dako a bakin kasuwa. Sa'ad da ya sauke buhu, ya rabu da shi ke nan. Amma kayan mai manhaja ba a ganinsa, yana kuwa binsa har kan shimfiɗa. Harafi ɗaya da ya kuskure ya kan ci masa kwanaki, mai shago yana kira da dare, shi kuwa yana zaune shi kaɗai. Jiki magayi.

II. Yadda Allah ya yi da Iliya.

Annabi Iliya ya yi babban aiki a Dutsen Karmel. Bayan wannan ya gudu daga Yezebel, ya shiga jeji tafiyar yini guda, ya kwanta a gindin itace, ya roƙi mutuwa. Ku lura, Allah bai fara da tsautawa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da gurasa da tulun ruwa har sau 2. Sai a Horeb, bayan kwana 40, ya yi magana da shi. Iliya yana tsammani shi kaɗai ya rage, Allah kuwa ya nuna masa akwai mutum 7,000, ya ba shi Elisha abokin aiki. Ashe mutumin Allah ma ya kan gaji, ba a kuwa yashe shi ba.

III. Abin da ya kamace ka.

1. Ka ci, ka yi barci a kan kari. Wannan ma biyayya ce, gama jikinka na Ubangiji ne.

2. Ka kiyaye Lahadi. Ka rufe kwamfuta, ka ajiye waya. Wanda ya ke riƙe da duniya ba ya bukatar tsaronka rana guda.

3. Ka faɗa wa mai shago gaskiya. In aikin na mako 3 ne, kada ka ce mako guda don tsoron rasa ciniki. Alkawarin ƙarya shi ke haifar rashin barci.

4. Ka nemi Elisha naka, ko abokin sana'a ko dattijon ikilisiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. In baƙin ciki ya daɗe, ko ka fara marmarin mutuwa, kada ka ɓoye. Ka gaya wa fasto yau, ka kuma je wurin likita. Ba rashin bangaskiya ba ne.

Ya ɗan'uwana, darajarka ba ta rataye ga abin da hannunka ya gama ba. Almasihu ya mutu dominka tun ba ka rubuta ko layi ɗaya ba.

Tambayoyi: Me Allah ya fara ba Iliya? Wane ne Elisha naka?

Addu'a: Ya Uba, ka san ƙarfinmu kaɗan ne. Ka koya mana hutawa, ka maido mana murnar aiki, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.