Fitila Cikin Hanyar Abinci

Karatu: Zabura 139:23, 24, Kolosiyawa 4:14.

'Yan'uwa cikin Ubangiji, bara muka binne wani dattijon ekklesiyarmu. Shekara da shekaru ƙwannafi yana damunsa, in ya taso sai ya jiƙa kanwa ya sha. Da tuwo ya soma tsaya masa a ƙirji, sai ya koma kunu, bai faɗa wa kowa ba. Sa'ad da aka kai shi asibiti, ciwon daji ya riga ya toshe masa hanyar abinci. Domin kada wani ya bi sawunsa na rubuta darasin nan.

1. Yadda ciwon ke somawa. Hanyar abinci bututu ce, tsawonta wajen inci 10, daga maƙoshi zuwa tumbi. Idan ruwan tsami na ciki ya daɗe yana komowa sama, fatar cikin bututun takan sauya kama. Ana kiran wannan da sunan Norman Barrett, likitan Landan wanda ya yi rubutu a kan sha'anin a 1950. Taba, da giya, da abin sha mai zafi ƙwarai, su ma sukan ɓata fatar. Kaɗan ne cikin masu irin wannan sauyi ke kamuwa da daji, amma daga nan yakan soma, tun mutum yana haɗiya lafiya lau.

2. Yadda likita ke gani. A 1957, a Amurka, Likita Basil Hirschowitz da abokan aikinsa suka ƙera siririn bututu mai lanƙwasuwa, mai kai haske cikin ciki. Shi ya fara haɗiye shi da kansa. Yau akwai kyamara a bakin bututun. Waɗansu na'urori suna da haske shuɗi da kore mai bayyana ƙananan jijiyoyin jini. Wani lokaci kuma akan fesa ruwan aidin: fata mai lafiya ta yi duhu, wurin da ya lalace ya ƙi rinuwa. Likita ya tsinki ɗan nama a auna. In an tarar da shi da wuri, sau da yawa akan cire shi ta bututun nan, ba tsaga ciki.

3. Inda za a je. A nan Kano ana leƙa ciki da bututu a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, yana kan titin Zariya, a Gyadi-Gyadi, cikin ƙaramar hukumar Tarauni. Mutum yakan zo bai ci komai ba, a fesa masa magani a maƙoshi, galibi kuwa ya koma gida ran nan. Wanda ƙwannafi ya daɗe masa, ko abinci yana tsaya masa, ko yana ramewa ba dalili, kada ya yi jinkiri.

4. Abin koyo. Dawuda ya roƙi Allah ya bincike zuciyarsa, gama ya san akwai ɓarnar da mutum ba ya gani a cikin kansa. Haka jiki yake. Zuwa asibiti ba rashin bangaskiya ba ne. Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Mu yi addu'a, mu kuma tashi mu je. In kuɗi ne ya hana ɗan'uwa, wannan nawayar ekklesiya ce duka.

Tambayoyi:
(a) Waɗanne alamu uku ne za su sa mutum ya nemi likita?
(b) Me ya sa mukan ɓoye ciwo, da zunubi kuma?
(c) Wa za ka raka asibiti cikin watan nan?