Zuwa Ga Ɗalibanmu Na Birnin Kebbi Da Argungu: Kada Ku Ajiye Biro



Abin da na gani da idona ne ya sa na rubuto muku. Kwanan baya ɗiyar ƙanena, wadda ke karatu a wata babbar makaranta a nan Birnin Kebbi, ta kwana gidana ana gobe jarrabawa. Ta zauna kan tabarma tana ta jan hotuna a waya da ɗan yatsa. Allon aji ne ta yi ta ɗauka tun farkon zango, wani hoton ya yi duhu, wani kuma ƙeyar ɗalibi ta tare rabinsa. Sauran darussan ta buga su a wayar, kalma bayan kalma. Na ce ta kife wayar ta faɗa mini darasi ɗaya da bakinta. Shiru. Wallahi raina ya sosu, domin yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, kuma ba ta fashin aji.

Gani ba ci ba ne. Hannu ba ya iya bin saurin bakin malami, kuma nan albarkarsa take. Dole mai biro ya saurara, ya tace, ya zubar da ƙaiƙayi, ya rubuta tsabar da nasa kalmomin. Kafin tawada ta bushe karatun ya riga ya ratsa kansa sau ɗaya. Mai bugawa kuwa, in yatsunsa na da sauri, magana kan wuce daga kunne zuwa waya ba ta yada zango ko'ina ba. A 2014 wasu masana biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun gwada wannan a kan ɗaliban jami'a. Masu kwamfuta sun fi tara kalmomi, amma masu rubutun hannu sun fi su amsa tambayoyin da ke neman fahimta. Wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su ga tazara mai yawa ba, sai dai ni shaidata ta fi kusa da gida.

Yawancinku kun riƙe allo kafin ku riƙe littafi. Ku tuna alƙalamin kara da tawadar zuge da ƙaro: ka rubuta, malam ya biya maka, ba ka wankewa sai karatun ya zauna. Me ya sa surorin nan ba su gudu daga kanku ba har yau? A Gwandu, nan kusa da mu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rayu, kuma da hannu almajirai suka yi ta kwafar tafsirinsa, Liya'ut Ta'wili, har ya zaga ƙasashe. Mai kwafa yana karatu ne yana rubutu.

Ban ce ku guji kwamfuta ba. Tun 2015 da ita ake rubuta JAMB, kuma ko a Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie kake, ko Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, ko Jami'ar Tarayya, bugaggen kundin bincike za a nema wurinka. Ku koyi bugu sosai. Amma ranar jarrabawar zango biro za ku riƙe awa biyu ko uku, kuma hannun da bai saba ba tun shafi na biyu yake sagewa, rubutu ya koma tafiyar kaza, mai dubawa ya gaji.

A aji ku rubuta da hannu, ku bar fili a gefen shafi don tambayar da ta taso muku. Zane mai wuya ku ɗauki hotonsa, ku sake zana shi a littafi kafin ku kwanta. Ita dai ɗiyar tawa na sayo mata littattafai huɗu a kasuwa, kuma duk Juma'a takan kawo mini in duba.

Allah Ya yi muku albarka.

Naku,
Baffanku