Amsar Tambaya: Batirin Sola Ba Ya Riƙe Caji

Tambaya: Ina da shagon cajin waya a Gonin Gora, bakin titin Abuja. Batirin sola ba ya kai ni tsakar dare. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, in batirinka mai ruwa ne, ba ya son a zuƙe shi ƙarƙaf, in caji ya sauka zuwa rabi, rage masa kaya. Duk wata ka buɗe murafensa. In ruwa ya ja baya, ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya ko na leda. Kankare farin garin da ke taruwa a kawunansa, ka ɗaure wayoyin tamau. Ajiye shi inda iska ke ratsawa, nesa da wuta, domin zafin Maris da Afrilu na rage masa kwana. Da hunturu, riƙa goge ƙurar farantin sola da sassafe. Kada ka haɗa sabon batir da tsoho.