Yadda Ake Fentin Rundunar Tyranids Cikin Sauri Ba Tare da Ta Yi Muni Ba

Duk mai yawan leƙa YouTube ko TikTok zai iya cin karo da bidiyon wasu ƙananan mutum-mutumi na roba, masu kama da ƙwari, an jera su a kan tebur ana auna tazararsu da tef. Wannan shi ne Warhammer 40,000, wasan yaƙi na kan tebur da kamfanin Games Workshop na birnin Nottingham a Ingila ya fitar a shekarar 1987. Halittun kuma sunansu Tyranids, waɗanda a labarin wasan suka zo daga wata duniya suna cinye duk abin da ke da rai.

Matsalar mai wannan runduna ita ce yawa. Ƙananan sojojinta da ake kira Termagants goma-goma ko ashirin-ashirin ake fitar da su, kuma ba fenti suke zuwa, mai su ne zai haɗa ya fente. A gasa da yawa, wanda ya zo da runduna mai cikakken fenti yana samun maki 10 cikin 100 tun kafin a jefa ɗan ludo. Wanda kuwa ya ce sai ya ba kowane guda awa uku, gasar za ta wuce rabin rundunarsa na nan launin toka.

Dabarar da ta yaɗu a 2022, wadda ake kira slapchop, ta juya tsarin aikin: ana gama haske da inuwa tun kafin a taɓa launi. Da farko a fesa baƙin fentin share fage a jikin duka. Idan ya bushe, a ɗauki buroshi mai taushi, a ɗan dangwali fenti ruwan toka, a goge shi a takarda har ya zama kamar babu komai a kai, sannan a riƙa shafawa daga sama zuwa ƙasa. Fentin zai kama wuraren da suka taso ne kawai, ramuka su zauna baƙi. Sai a maimaita da fari, amma wannan karon a kai, kafaɗu da gefen sulken baya kaɗai. Ba sai an sayi buroshi mai tsada ba, irin wanda mata ke shafa hoda da shi yana yin aikin sarai.

A nan ne waya ke da rana. A ɗauki hoton mutum-mutumin, a mayar da shi fari da baƙi, a duba. Idan ana bambance haƙarƙari da gaɓoɓi da tsagin sulke a hoton, an shirya. Idan ya fito dishi-dishi, a ƙara fari, domin launin da za a ɗora ba ya ƙara haske, rage shi yake yi. Yawancin masu koyo a wannan mataki suke rowar fari, shi ya sa rundunarsu ke fitowa da duhu.

Launin da ake ɗorawa ba irin fentin da aka saba ba ne. Ruwa-ruwa ne, ana hango abin da ke ƙarƙashinsa, kuma da kansa yake gangarawa ya taru a ramuka. Games Workshop ya fitar da nasa mai suna Contrast a 2019, kamfanin The Army Painter kuma yana da Speedpaint. Jikin Tyranids, mai cike da tsaga da ƙullutu, kamar don wannan fenti aka yi shi. A kan shimfiɗaɗɗen wuri kamar jikin tankar yaƙi kuwa, dabbare-dabbare yake bari.

Launi uku sun isa. Mai son kamannin ayarin Leviathan zai yi fata mai haske, sulke shunayya, farata ja. Na Kraken kuma fata launin ƙashi ce da jan sulke. A girgiza kwalba sosai, a fara da launi mai haske, a ƙare da mai duhu, saboda duhu yana rufe kuskuren haske amma haske ba ya rufe na duhu. Shafa ɗaya ake yi a wuce. Idan fenti ya taru a wani lungu, a tsane shi nan take da busasshen buroshi. Da zarar ya fara bushewa kuwa, a bar shi, don komawa kansa yaga shi yake yi, tabon kuma ya fi na farko muni. A wuri mai zafi wannan lokaci gajere ne ƙwarai, don haka a gama ƙafa ɗaya kafin a koma wata. Haka nan kada a yi feshi a waje ranar da hazo ya sauka, ƙura za ta manne a jiki.

Ainihin saurin daga jeri yake zuwa. A ajiye goma a gaba, a yi wa dukkansu fata, sannan dukkansu sulke, sannan farata. Kafin a kai na goma, na farko ya bushe, hannu kuma ya haddace hanyar. Agogon waya yana taimakawa: a ba kowane guda minti biyu ko uku a kowane launi, ƙararrawa na bugawa a ajiye shi.

Kyamarar waya tana da nata sharrin. Idan aka zuƙo hoto, kowane ɗan kuskure sai ya zama dutse, mutum ya koma gyaran abin da babu mai gani. Abokin wasa daga tsaye yake kallon runduna, tazarar kusan mita guda, to daga nan ya kamata a ɗauki hoton yanke hukunci. Manyan dodanni irin su Hive Tyrant ne suka cancanci ƙarin lokaci, tunda su ido ke fara sauka a kai.

Saura gindin da mutum-mutumin ke tsaye a kai. A shafa gam, a barbaɗa yashi, a fente shi launi guda ga duk rundunar, a zagaye gefensa da baƙi. Daga nan a yi feshin kariya marar sheƙi, domin irin wannan fenti siriri ne, yatsu na saurin goge shi a bakin farata da ƙahoni.