LADI KWALI DA MAKARANTAR TUKWANE TA ABUJA

Da wuya a shiga gida a ƙauyukan ƙasar nan a rasa wani abu na yumɓu. Ga randa a inuwa, ga tulu, ga tukunyar miya, ga kaskon turare. Yawancin mutane ba su damu da sanin wanda ya gina su ba. In tukunya ta fashe, sai a sayo wata ran kasuwa. Amma an yi wata mace wadda ta gina tukwane har aka san sunanta a Turai da Amurka. Sunanta Ladi Kwali.

An haifi Ladi wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari. Hausawa ne ke cewa Gwari, su kuwa mutanen Gbagyi su ke kiran kansu. A waɗansu garuruwan Hausa maza ke ginin tukwane, amma a ƙasar Gwari aikin mata ne. Ladi ba ta yi karatun boko ba. Tun tana yarinya aka sa ta hannun wata 'yar'uwar iyayenta, a can ta koyi sana'ar, tana kallo tana gwadawa.

Ga yadda matan Gwari ke gina randa. Da fari sai a haƙo yumɓu, a tsince tsakuwa, a jiƙa shi a kwaɓa har ya yi laushi. Sa'an nan mai gini ta ɗauki curi guda ta aza a kan wani abu mai ɗan tudu, ta dunƙule hannu ta yi rami a tsakiyarsa, ta riƙa jan gefen yana tashi. Tukunyar ba ta motsi. Mai ginin ce ke kewaya ta, tana sunkuye, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje. In yumɓun ya kasa, sai ta murza wani kamar igiya mai kauri, ta ɗora a baki, ta shafe mahaɗin har ya ɓace. Ba ta da ma'auni sai idonta da tafin hannunta. Duk da haka in Ladi ta gama randa, aka dube ta ta ko wane gefe, sai a ga cikinta ya fito daidai, ba inda ya karkace.

Kafin randar ta bushe sarai sai a yi mata ado. A nan ne Ladi ta yi wa sauran mata nisa. Ta kan ɗauki ɗan tsinke mai kaifi ta raba jikin randar gida gida, ta zana ƙadangare a wannan gida, kunama a wancan, can kuma kada ko kifi ko hawainiya ko tsuntsu. Tsakanin gidajen ta kan mirgina 'yar igiya murɗaɗɗiya ko guntun itace mai tsaga, shi ya bar sawunsa a jere. Ba ta fara zana abin a takarda, kai tsaye ta ke sa hannu, ga shi kuwa yumɓu in ya sha iska ba ya karɓar gyara.

In tukwane sun bushe sai a jera su a fili, a lulluɓe da itace da ciyawa, a cinna wuta. Wannan toyi ba ya daɗewa. Tun suna da zafi a kan yayyafa musu makuba, watau ruwan ɓawon ɗorawa, su yi duhu su yi sheƙi.

Randunan Ladi suka yi suna a ƙasar, har Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya tara waɗansu a fadarsa. A lura, ba Abuja babban birnin Nijeriya a ke nufi ba. Tsohuwar Abuja ce, wadda a ke kira Suleja yanzu, cikin Jihar Neja. Da za a gina sabon birnin ne aka ɗauki sunan aka ba shi.

To, a shekarar 1950 Gwamnati ta ɗauko wani Bature maginin tukwane daga Ingila, sunansa Michael Cardew, wanda ya taɓa yin irin wannan aiki a ƙasar Gana. Abin da Gwamnati ke so shi ne a koya wa 'yan ƙasa yin kwanuka da kofuna na tangaran, don a rage sayowa daga waje. Cardew ya zaga garuruwa da yawa yana neman inda zai kafa makaranta. Da ya zo Abuja ya ga randunan nan a fadar Sarki, sai suka shiga ransa. Ga kuma yumɓu, ga ruwa, ga itace a wadace, Sarki kuma ya yi maraba da aikin. Saboda haka ya zaɓi Abuja, makarantar ta fara aiki a 1952. Ɗakunanta na ƙasa ne da jinkar ciyawa, irin na mutanen gari.

Ɗaliban farko duk maza ne. An koya musu gini a kan wani faifai wanda a ke juyawa da ƙafa. A nan tukunya ce ke juyi, magini yana zaune. Wanda ya ƙware ya kan fid da kwano cikin 'yan mintoci. An kuma koya musu haɗa ruwan ƙyalli da niƙaƙƙen dutse da toka da yumɓu. Sai kuma babban abu, watau matoya. Ɗaki ne aka gina da tubali mai jure wuta, a kan shirya kaya ciki a toshe ƙofa, a yi ta zuba itace ba hutu. Zafin cikinta ya kan wuce digiri 1,200. Ruwa kuwa a digiri 100 ya ke tafasa. Irin wannan wuta ta kan narkar da ruwan ƙyallin ya zama kamar gilashi, yumɓun kuma ya yi tauri kamar dutse, in an ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara.

A 1954 Ladi ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. A lokacin shekarunta sun kusa 30, ta kuma riga ta zama gwana a sana'arta. Ba ƙaramin abu ba ne gwani ya koma ya zauna cikin 'yan koyo, yumɓu yana suɓuce masa daga faifai, ana gyara masa riƙo. Ladi ta zauna ta koya. Ta iya faifai, ta yi kwanuka da faranti da kofuna. Ta kan tsoma su cikin ruwan farar ƙasa, sa'an nan ta karce zanenta a kai. Ko da ya ke ba ta yi boko ba, tana da ɗan hatimi mai haruffa biyu, L da K, wanda ta ke danna wa kayanta.

Amma ba ta yar da ginin da ta gada ba, Cardew kuma bai nemi ta yar ba. Shi kansa yana ganin tukwanen gargajiya na ƙasar nan ba su bukatar gyaran kowa. In ta tashi gina randa, malamin ya kan koma mai kallo. Daga nan aka gwada wani sabon abu. Ladi ta gina randa da hannu kamar yadda a ke yi a Kwali, ta yi mata zanenta, aka cika zanen da farar ƙasa, aka zuba ruwan ƙyalli, aka sa a matoya. Randar ta fito tana walƙiya, ƙadangaru da kunamu suna nan raɗau a ƙarƙashin ƙyallin. Kafin Cardew ya bar aikin a 1965, waɗansu matan Gwari huɗu sun biyo sawun Ladi, su Halima Audu da Lami Toto da Asibi Ido da Kande Ushafa. Ɗakin da matan ke aiki a ciki Ɗakin Gwari a ke ce masa.

Sai dai sabuwar randar ta rasa wani abu da tsohuwar ke da shi. Me ya sa ruwan randa ke sanyi? Yumɓun da aka toya a fili yana da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa ya kan tsattsafo ta cikinsu ya jiƙa bayan randar. In iska ta busa ta busar da wannan laima, sai ta tafi da zafi, ruwan da ke ciki ya yi sanyi. Haka jikin mutum ke yi in ya yi gumi iska ta kaɗa shi. To, wutar matoya da ruwan ƙyalli sun toshe ƙofofin nan duka. Randar Abuja ba ta tsattsafo, saboda haka ba ta sanyaya ruwa. Ga ta da nauyi, ga ta da tsada. Matar ƙauye ba abin da za ta yi da ita. Turawa da masu hali da gidajen ajiye kayan tarihi su ne suka riƙa saye, don a ajiye a yi kallo. Mai jin ƙishirwa da bazara kuwa, randar Kwali ta dā zai nufa.

Nufin Gwamnati na cika gidaje da kwanukan Abuja shi ma bai cika ba. Kwanon ƙarfe ya fi araha, in ya faɗi kuma ba ya fashewa, talaka kuwa abin da zai daɗe ya ke nema.

Ta wata hanya dabam makarantar ta yi suna. A 1958 aka kai kayanta Landan aka baje kolinsu, masu kallo suka fi tsayawa a kan na Ladi. A 1962 ita kanta ta tafi Ingila, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Inda duk ta sauka, a kan tara ɗalibai da malamai da mutanen gari a ɗakin koyon sana'a, a kawo mata yumɓu, ta sunkuya ta fara kewaye. Irin wannan darasi ba ya bukatar tafinta. Mutanen da suka saba ganin tukunya tana juyi a kan faifai suka ga mace tana juya kanta, randa tana tasowa a tsakanin hannuwanta.

Waɗansu ma har Abuja suka biyo ta. A 1974 wata budurwa 'yar ƙasar Kenya, Magdalene Odundo, wadda ke karatu a Ingila, ta zo ta koyi ginin hannu a wurin Ladi da sauran matan. Daga baya ta zama ɗaya daga cikin shahararrun maginan tukwane na duniya.

A 1963 Sarauniyar Ingila ta ba Ladi lambar girma. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa, aka riƙa ce mata Dakta Ladi Kwali. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. An sa wa makarantar tukwanen sunanta, akwai kuma randunanta a manyan gidajen tarihi na Landan da Washinton. A 2007 aka fito da sabuwar takardar Naira 20. A gabanta hoton Janar Murtala Muhammad ne, in an juya bayanta kuwa za a ga Ladi tana aikin wata babbar tukunya.

TAMBAYOYI

1. Wane bambanci ke tsakanin ginin matan Gwari da gini a kan faifai?
2. Me ya sa Cardew ya zaɓi Abuja? Yaya a ke kiran garin yanzu?
3. Bayyana yadda randa ke sanyaya ruwa. Don me randar Abuja ba ta yin haka?
4. Nemo yumɓu ka murza shi kamar igiya, ka gina ɗan kasko. Kafin ya bushe zana masa wata dabba da ka sani.