TSORON ALLURA DA ƊIBAN JINI: DARASI GA MAGIDANTA

Bismillahir Rahmanir Rahim.


 Darasinmu na yau ya taso ne daga tambayar wani bawan Allah ɗan kasuwa a Jibiya, cikin masu bin hanyar Magama zuwa Ɗan Isa har Maraɗi. Ya ce wata uku ke nan da likita ya rubuta masa gwajin suga, takardar na nan cikin aljihu har ta fara yagewa. Ga kuma uwargida ta kusa haihuwa, an ce a tanadi wanda zai ba da jini ko da ta-kwana. Shi kuwa da ya ga allura sai gumi ya karyo masa, ganinsa ya dushe, har ya taɓa faɗuwa a ɗakin gwaji. Tambayarsa ita ce: "Malam, wannan raunin imani ne? Kuma yaya zan yi?"

Amsa a taƙaice: ba raunin imani ba ne, ba kuma ragwanta ba ce. Abu ne da jiki ke yi, kuma yana da dabara. Inda laifi yake shi ne mutum ya bar tsoron ya hana shi neman magani, ko ya hana iyalinsa.

*1. ABIN DA ADDINI YA KOYAR*

Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa duk cutar da Allah Ya saukar, Ya saukar mata da magani. Neman maganin nan ba ya cin karo da tawakkali, shi ne ma riƙo da sababi.

Zubar da ɗan jini don lafiya kuwa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. An yi wa Manzon Allah (S.A.W) ƙaho, ya kuma biya mai ƙahon ladansa. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya aika wa Ubayyu ɗan Ka'abu (R.A) likita, likitan ya yanke masa wata jijiya sannan ya yi masa lalas. To ina ciwon yankan jijiya da lalas, ina na tsinin allura?

Bukhari da Muslim kuma sun kawo cewa babu wata wahala da za ta sami Musulmi, ko da sukar ƙaya ce, face Allah Ya kankare masa zunubi da ita. Duk wanda ya daure wa allura don ya samu lafiyar ibada da ta neman abincin iyali, muna yi masa fatan wannan lada.

Abin mamaki, da yawanmu mukan zauna gaban wanzami ya tsattsaga mana baya da aska ya kafa ƙaho, ko gezau. Amma da an ɗauko sirinji sai jiki ya ɗau rawa. Wannan ya nuna ba zafin ne matsalar ba. Sabo ne, da kuma abin da zuciya ta riga ta saƙa.

*2. TSORON IRI UKU NE*

Kowa ya duba nasa, don maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko, mai fargabar zafi. Zuciyarsa na dukan uku-uku, numfashi na sama-sama, amma ba ya faɗuwa.

Na biyu, mai suma, irin ɗan uwanmu na Jibiya. Abin da ke faruwa shi ne, da ya ga allura ko jini bugun zuciyarsa kan tashi, sannan nan take ya sauka, ƙarfin gudun jini ya faɗi, jinin da ke zuwa ƙwaƙwalwa ya ragu na ɗan lokaci. Sai jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya, kunne ya toshe. Da an kwantar da shi an ɗaga ƙafafunsa sai ya dawo hayyacinsa. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba ne, kuma sau da yawa akan same shi a dangi. Haɗarinsa yana wajen faɗuwar, kar mutum ya bugu.

Na uku, mai zargi: me ke cikin allurar, ina za a kai jinina? Ba za mu ce wannan zargin ba shi da tushe ba. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau. Amma maganin zargi tambaya ce, ba gudu ba. Haƙƙinka ne ka tambayi sunan maganin, aikinsa, da ranar da zai lalace.

Game da yawan jinin da ake ɗiba, ga lissafi. Jikin baligi na ɗauke da jini kimanin lita 5. Kwalbar gwaji ɗaya ba ta wuce cikin cokalin shayi ɗaya ko biyu ba. Gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa ɗigo ne daga yatsa, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Ledar jini da ake bayarwa taimako kimanin mililita 450 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na jinin jiki ba. Ruwan jinin kan dawo cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙwayoyinsa kuma cikin 'yan makonni.

*3. KAFIN KA JE*

• Ka ci abinci ka sha ruwa sosai. Jijiya ta fi fitowa in jiki na da ruwa. In gwajin suga ne na kafin karin kumallo, akan ce a yi awa 8 ba a ci komai ba, amma ruwa zalla ba ya ɓata shi.
• Ka tafi da sassafe. Dogon layi cikin zafin rana, musamman ranar kasuwar Jibiya, shi ke ƙara jiri.
• Ka tafi da ɗan uwa ko aboki.
• Ka gaya wa ma'aikacin lafiya gaskiya tun farko: "Ni ina suma in an ɗebi jinina, a bar ni in kwanta." Ba kai ne na farko ba, sun saba gani. Wanda ya ɓoye don kunya shi ke faɗuwa a gaban jama'a.

*4. LOKACIN ALLURAR*

Ka fara da Bismillah, ka kawar da kai gefe. Ba dole sai ka kalla ba. Ka ba harshe aiki: istigfari, salati, ko wata gajeriyar sura da ka haddace. Galibi kafin ka kai ƙarshenta an gama.

In kai mai fargabar zafi ne, ka ja numfashi a hankali ta hanci har ciki ya taso, ka sake shi ta baki a hankali, kamar mai hura koko. Ka saki hannun da za a soka. Tsokar da aka ƙanƙame ta fi jin zafi.

In kai mai suma ne, taka dabarar daban ce, don sakin jiki gaba ɗaya na iya ƙara maka jiri. Wani masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin, Lars-Göran Öst, ya fito da wata hanya a 1987 wadda har yau ake amfani da ita:

1. Ka zauna ko ka kwanta.
2. Ka ɗaure tsokar ƙafafu, cinyoyi, ciki da hannuwa da ƙarfi, daƙiƙa 10 zuwa 15, har ka ji ɗumi ya hau fuskarka. Kar ka riƙe numfashi.
3. Ka sassauta daƙiƙa 20 zuwa 30.
4. Ka maimaita sau 5.

Ɗaurewar nan tana ɗaga gudun jini, sai ta tare sumar. Ka fara gwadawa a gida kamar mako guda kafin ranar. A ranar kuma ka ɗaure ko'ina ban da hannun da ake ɗibar jini. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya tambayi likita kafin ya fara.

Bayan an gama kar ka zabura ka miƙe. Ka danne wurin da auduga, ka zauna minti 15. Direba ko ɗan acaba kar ya kama hanya sai jiri ya wuce. In wurin na zogi, akwai abin da Annabi (S.A.W) ya koya wa Usmanu ɗan Abul Asi (R.A) kamar yadda Muslim ya kawo: a ɗora hannu a inda ke ciwo, a yi Bismillah sau uku, a nemi tsarin Allah daga sharrin abin da ake ji sau bakwai. Amma in fuska ko leɓe ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙuraje suka feso, a koma wurin ma'aikatan lafiya nan take.

Wanda tsoronsa ya kai ko ƙofar asibiti ba ya iya shiga, ya bi abin daki-daki. Yau ya kalli hoton sirinji har zuciyarsa ta kwanta. Gobe ya riƙe sabon sirinji a ledarsa. Jibi ya raka wani asibiti ya tsaya daga nesa. Sannu ba ta hana zuwa. In abin ya faskara, likitocin ƙwaƙwalwa na magance shi, kuma ba abin kunya ba ne.

*5. YARANMU*

Iyaye, a nan ne muke shuka tsoron da kanmu. "In ba ka yi shiru ba zan kai ka a yi maka allura!" Wa bai taɓa jin wannan a gidansu ba? Mun mai da magani bulala, sannan muna mamakin yaro ya girma yana gudun asibiti. Don Allah a daina.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari kan rage zafin rigakafi. Jariri, uwa ta rungume shi ta ba shi nono lokacin allurar ko dab da ita. Yaro mai wayo a zaunar da shi a cinya, a ɗauke hankalinsa da hira ko abin wasa. Kuma kar a ce masa "babu zafi". Ƙarya ce, addini ya hana, shi kuma ba zai ƙara yarda da kai ba. Ka ce masa: "Za ka ji kamar cizon cinnaka, yanzu zai wuce, ga ni tare da kai."

Rigakafin yara a Nijeriya ana yin sa ne da haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15. Mun ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano da Katsina a 2023, har da Jamhuriyar Nijar, kuma yawancin waɗanda ya kama yara ne da ba su samu cikakken rigakafi ba. Mu da ke bakin iyaka, kullum ana shige da fice don kasuwa, biki da ta'aziyya, mun fi kowa buƙatar kiyayewa. Cuta ba ta tsayawa a Magama a duba mata takarda. Kukan minti ɗaya ya fi jinyar wata guda.

*6. TAMBAYOYIN FIƘIHU*

_Allura na karya azumi?_ Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta yanke cewa allurar magani a fata, tsoka ko jijiya ba ta karya azumi, ban da ƙarin ruwa mai maye gurbin abinci. Ɗibar ɗan jini don gwaji ma ba ta karyawa. Sai dai mai suma gara ya bari sai bayan buɗa-baki, in ba gaggawa.

_Jinin da ya fita na warware alwala?_ A mazhabar Malikiyya ba ya warwarewa. Suma kuwa tana warwarewa, don hankali ya gushe.

_Maniyyaci fa?_ Saudiyya na neman shaidar rigakafin sanƙarau, a yi shi aƙalla kwana 10 kafin isa, da kuma na shawara ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Rigakafin shawara sau ɗaya ne a rayuwa, tun 2016 aka daina neman sabunta katinsa. Kar tsoro ya sa mutum ya sayi katin bogi. Ha'inci ne, ga jefa kai da sauran alhazai cikin haɗari.

*7. TSORON DA YAKE DA AMFANI*

Akwai allurar da ya kamata a ji tsoronta: wadda aka riga aka yi wa wani, da wadda wanda bai ƙware ba zai yi. Sirinjin da aka maimaita na yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki, haka ma askar wanzami in ba sabuwa ba ce. Allurar ɗuwawu in aka kuskure wuri tana iya taɓa babbar jijiya, ƙafa ta shanye. Don haka a ɓare sabon sirinji a gabanka, kuma ka daina matsa wa mai kyamis cewa sai allura. Cututtuka da yawa ƙwaya ta wadatar.

Ɗan uwanmu na Jibiya, ga shawararmu. Ka fara ɗaure tsokar nan daga yau. Mako mai zuwa ka ɗauki takardarka da aboki ɗaya, ka je da safe, ka ce a kwantar da kai. Batun jinin uwargida kuma, ka gaya wa ma'aikatan halin da kake ciki, su za su duba ko ka dace ka bayar, musamman da yake ana zargin suga. In ba ka dace ba, ka nemo 'yan uwa biyu ko uku a gwada jininsu tun yanzu, kar a jira ranar naƙuda.

Allah Ya sauke ta lafiya, Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya ƙara mana lafiya mai amfani. Amin.

A tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai irin wannan takarda a aljihu.

Wassalamu alaikum warahmatullah.