MOTSA JIKI IRIN NA MUTANEN INDIYA

Mutanen Indiya suna da wata tsohuwar hanya ta horar da jiki, sunanta hata yoga. Masu ibadar ƙasar ne suka fara ta, don su iya daɗewa a zaune ba gajiya. A ƙarni na 15 wani malaminsu, Suwatmarama, ya rubuta littafi a kanta.

Mai koyo yakan shimfiɗa tabarma, ya tuɓe takalma. Ba a yi bayan an ƙoshi. Kowane salo da sunansa. Akwai "itace": mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya ɗora tafin ɗayar a cinya, ya ɗaga hannuwa sama. Akwai "gamsheƙa": ya kwanta rub da ciki, ya dafa ƙasa, ya ɗago ƙirji kamar maciji ya fasa kai. Duk yana numfashi ta hanci, a hankali.

Amfaninta shi ne gaɓoɓi su saki, hankali ya kwanta. Amma ba ta son gaggawa. Yaron da ya matsa wa jikinsa don ya wuce abokinsa yakan yi targaɗe. Wanda ya ji zafi sai ya dakata, gobe ya sake gwadawa. Sannu ba ta hana zuwa.